Kafin mu sake zuba wa kaji gari a ruwa, mu san abin da ke cikin hanjinsu

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin buroila a zangunanmu ya san al'adar nan. Ranar da ka ɗauko 'yan tsaki, ranar za ka biya shagon maganin dabbobi a miƙo maka ƙunshin gari mai ruwan ɗorawa, a ce ka riƙa zubawa a ruwansu "don kada su kamu". Ni ma haka na fara. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma da yake albashi ba ya kai wata, sai na kafa akurki a bayan gida ina zuba kaji ɗari-ɗari, ina auna kasuwar Sallah da ta Kirsimeti. Shekara biyu ina zuba garin nan ban taɓa juya takardar na karanta ba. Ranar da na karanta, ashe antibayotik ne, irin wanda likita ke rubuta wa mutum. Wallahi kunya ta kama ni. Da safe ina gaya wa yara kada su sha irin wannan magani sai da izinin likita, da yamma kuma ina ɗura wa kajin da iyayensu za su saya.

Ra'ayina a yau shi ne mu daina ba lafiyayyun kaji antibayotik kamar ruwan sha, mu koyi kula da hanjinsu, kuma a wannan hanya abin da ake kira furobayotik yana da amfani. Amma zan faɗi amfaninsa in faɗi iyakarsa, don masu talla sun fara sayar da shi kamar laya.

Furobayotik ba wani baƙon abu ba ne. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani, da ke amfanar jiki idan an sha su da yawan da ya dace. Mu da muka tashi da nono da burkina mun daɗe muna shan danginsu, domin bakteriya ce ke mayar da madara nono mai tsami. Na kaji akan same su a gari ko a ruwa, kuma a jikin takarda za ka ga sunaye irin su Lactobacillus da Bacillus subtilis da Enterococcus faecium, wani lokaci har da yis, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi.

To me ya sa kajin gidan gona suka fi bukatarsu? Ku dubi kazar gida da 'ya'yanta. Tun ranar farko suna bin ta, suna tsattsaga inda ta yi kashi, ta haka suke gadon ƙwayoyin da ke hanjinta. Ɗan tsakon buroila kuwa inji ne ya ƙyanƙyashe shi, bai taɓa ganin uwa ba. Yana zuwa hannunka hanjinsa kamar sabon ɗakin haya ne, duk wanda ya riga shiga shi ke da wuri. In mai cutarwa ce ta riga, irin su Salmonella, to ka shiga uku. Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Esko Nurmi, tare da abokiyar aikinsa Rantala, sun nuna haka tun 1973. Sun ɗebi abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya suka ba sababbin 'yan tsaki, sai Salmonella ta kasa samun wurin zama a cikinsu.

Aikin da ƙwayoyin kirki ke yi a ciki ba ɓoyayye ba ne. Suna mamaye bangon hanji su cinye abincin da masu cutarwa za su rayu da shi. Wasunsu suna fitar da tsami irin na nono, wanda Salmonella da E. coli ba sa jin daɗinsa. Wasu suna fitar da sinadaran da ke taimakawa wajen narkar da abinci. Sannan bangon hanjin kaza cike yake da 'yan tsirarai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. In hanji na da lafiya sukan yi tsawo su tsotsa da kyau, in ya kumbura sai su gajarce, abincin da ka saya da tsada ya wuce ta ƙasa. A nan maganar kuɗi ta shigo. Buroila sati shida zuwa bakwai ake so ta kai kilo biyu ko fiye, kuma abinci shi ke cin kusan kashi biyu cikin uku na abin da mai kiwo ke kashewa. Kazar da ke gudawa, masararka da waken soya take zubarwa a ƙasa.

Yanzu ga iyakar. Binciken masana bai zo da amsa ɗaya ba. A wasu gwaje-gwajen kajin da aka ba furobayotik sun fi nauyi kuma sun fi amfana da abinci, a wasu kuwa bambancin kaɗan ne ko babu. Ya danganta da irin ƙwayar, da yawanta, da halin da kajin ke ciki. Don haka duk wanda ya ce maka garinsa zai ninka nauyin kaza, kasuwarsa yake ci. Furobayotik ba ya maye gurbin rigakafin Niyukasul da Gumboro, domin waɗannan bairos ke kawo su. Ba ya warkar da kashin jinin nan da ke zuwa in shimfiɗar akurki ta jiƙe. Ba kuma zai ceci wanda ya cusa kaji ɗari biyu a ɗakin da ya dace da ɗari ba.

Wani abin da na koya da kuɗina shi ne abu mai rai yana mutuwa. Na taɓa sayen ƙunshi a wani shago inda aka jera kayan a bakin taga rana na dukansu, na yi sati ina zubawa ban ga komai ba. Ban da haka, a ruwan famfo nake kwaɓawa, alhali sinadarin kulorin da ke tsabtace ruwan yana kashe su. Yanzu nakan tari ruwan in bar shi a buɗe ya kwana. Nakan duba ranar lalacewa, in duba ko an rubuta sunan ƙwayar da yawanta da lambar rajista. Irin Bacillus sun fi jure zafi saboda suna da wani kwanso da suke ɓuya a ciki, shi ya sa suka fi dacewa da yanayinmu da dumso ɗinmu. Kuma kada ka haɗa furobayotik da antibayotik a mazubi ɗaya, kamar ka haɗa kura da akuya ne a ɗaki.

Na san abin da abokaina masu kiwo za su ce, don sun sha faɗa mini: "Ticha, kai kana da albashi. Mu in kajin nan suka mutu, jarin ya tafi." Gaskiya ne, kuma ban raina wannan tsoron ba. Ban ce a bar kaza marar lafiya ta mutu ba, wannan ma zalunci ne. In cuta ta shigo, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi, a ba da maganin da ya dace, a cika kwanakinsa, sannan a jira kwanakin da aka rubuta a takarda kafin a yanka. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da magani abincin yau da kullum. Kuma kada ka ɗauki maganata haka kawai. Raba kajinka gida biyu, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, ka ba rabi furobayotik, ka riƙa auna su duk sati kana rubutawa tare da buhunan da suka ci da waɗanda suka mutu. Yi haka zubi biyu ko uku. Ni da na gwada, nauyin bai bambanta sosai ba, amma kashinsu ya fi ƙarfi, shimfiɗa ta fi bushewa, warin da maƙwabta ke kuka da shi ya ragu. Zubin mutum ɗaya ba hujja ba ce, littafinka shi zai gaya maka gaskiya.

Me ya sa na damu har na ɗauki alƙalami? Saboda abin ya wuce akurki. Duk lokacin da aka riƙa ba da antibayotik kaɗan-kaɗan ba dalili, ƙwayoyin cuta masu taurin kai ne ke tsira su hayayyafa. Daga kashin kaji su shiga kwata, su shiga lambun da aka zuba taki, su hau hannun mai fiɗa, su isa kicin. Ranar da ɗanka ya kwanta, a ba shi magani ya ƙi ci. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi tsanani. Suwidin ta hana amfani da antibayotik don ƙara girman dabbobi tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manoma su daina ba lafiyayyun dabbobi. Ba su daina cin kaza ba.

Mu Musulmin Gana muna da wani dalili na daban. Yawancin naman kajin da ake ci a ƙasar nan daskararre ne daga ƙetare, kuma da yawa daga cikinmu muna ƙara kuɗi mu sayi mai rai don mu ga yankan da idonmu. Uwar gida da mai sayar da wake da shinkafa da suke zuwa ƙofar akurkina, amana ce ta kawo su. Muna tambayar wa ya yanka, ko ya ambaci sunan Allah, kuma daidai ne. Sai dai addininmu ya haɗa halal da abu mai kyau marar cutarwa. Wanda ya ba kaza magani jiya ya sayar yau, ya san akwai saura a namanta ya yi shiru, ya binciki kansa ko ya sauke amana.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a wa'azi, ƙungiyoyin matasan zango su gayyato ma'aikatan lafiyar dabbobi su zo su yi wa masu kiwo bayani da Hausa, masu saye kuma su fara tambaya: yaushe rabon kajin nan da magani? Sallah na tafe, masu zuba 'yan tsaki sun fara shiri. Duk wanda zai biya shago wannan karon, ya juya takardar ya karanta, in bai iya ba ya ba ɗansa ɗan makaranta. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ciyar da mu halal.