Ajiya Da Mayarwa: Darasin Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Sani

Ƙwan kaza yana bukatar kwana 21 cikin ɗumi na kimanin digiri 37.5 kafin ya ƙyanƙyashe. A injin ƙyanƙyasa na zamani, wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna maikirokwantirola ce ke tsaron wannan ɗumi. Duk ɗalibin da ke son rubuta mata umarni, wajibi ne ya fara sanin yadda ake ajiye lamba da yadda ake mayar da ita.

Ga dalili. Na'urar tana da 'yan gurabe ƙalilan na riƙe lambobin da take aiki da su. A ce ta auna ɗumi, ta sa 37 a wani gurbi. Kafin ta yanke hukunci, sai agogonta ya katse ta, domin lokacin juya ƙwai ya yi. Umarnin juyawa ya ari gurbin ya yi ƙidayarsa, ya bar 5 a ciki. Da ta koma bakin aikinta, sai ta ɗauka sanyi ya yi yawa, ta ƙara wuta. Ta haka ƙwai ɗari za su iya lalacewa saboda lamba guda.

Maganin wannan shi ne tari, wanda masana ke kira sitak. Misalinsa jerin faifan da aka ɗora kan juna: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗaukewa. Kafin umarni ya ari gurbi, sai ya ɗora abin da ya tarar a kan tari. Idan ya gama, ya ɗauko ya mayar. In ya ajiye lamba biyu, ta biyun zai fara mayarwa, in ba haka ba sai su yi musayar gurbi. A kan tarin ne kuma na'ura ke ajiye adireshin inda za ta koma. Wanda ya ɗora bai ɗauke ba, ya ɓatar mata da hanyar gida. Dabarar ba sabuwa ba ce: Friedrich Bauer da Klaus Samelson na Jamus sun nemi rajistar ta a 1957.

Wasu malamai na ganin ba sai an wahalar da yara ba, tunda harshen C yana yin wannan ajiya da kansa. Gaskiya ne, amma tari yana da iyaka. Intel 8051 ta 1980 bayit 128 kawai gare ta na ajiyar aiki. Allon Arduino Uno yana da 2,048. Tarin PIC16F84 kuwa hawa 8 ne. Adireshi na tara yana shafe na farko ba tare da wani gargaɗi ba. Wanda bai san wannan ba zai yi ta zargin waya da batir, alhali laifin yana cikin rubutunsa.

Rashin kwamfuta a makaranta ba hujja ba ce. Malami na iya kawo faifai biyar, ya liƙa wa kowanne lamba, ya sa ɗalibi ɗaya ya yi lissafi a allo, wani ya katse shi, sauran su lura ko an mayar da komai yadda aka tarar. Darasi guda ya isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya saba mayar da kayan aro daidai, shi ake ba amanar injin.