Nijeriya: Makomar tumatirin rani na hannun aikin kaka

A yayin da damina ke bankwana, kuma hankalin akasarin manoma a arewacin Nijeriya ya koma kan girbin dawa da masara da shinkafa, su kuwa masu lambu a lokacin ne aikinsu ke somawa.

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba ne ake rainon irin tumatir da albasa da attaruhu a wurare irin su Kadawa da Kura a jihar Kano, da Danja a Katsina, da kuma Ikara a Kaduna.

Ba kasafai ake jin labarin wannan aiki ba, amma kuwa yana da tasiri ƙwarai a kan kuɗin da za a sayi kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas bayan wasu watanni.

Rige-rige da zafi

Irin tumatir kan yi makonni huɗu zuwa shida a wurin raino kafin a dasa shi, sannan ya ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a fara ɗiba.

Ke nan wanda ya yafa iri a watan Oktoba, tumatirinsa zai yi fure ne cikin sanyin hunturu, yanayin da ya fi dacewa da shi.

Wanda kuwa ya makara zai riski zafin Maris da Afrilu, lokacin da fure ke kakkaɓewa, kuma ƙwaron nan mai suna Tuta absoluta, wanda manoma ke kira sharon, ya fi hayayyafa.

Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka ne. An fara ganinsa a ƙasar Spain a 2006, ya bazu zuwa arewacin Afirka, kana aka tabbatar da ɓullarsa a Nijeriya a 2015.

A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, tana mai cewa ƙwaron ya lalata kimanin kashi 80 cikin ɗari na gonakin yankunan da abin ya shafa.

A wannan shekarar ce kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka gina domin markaɗa tan 1,200 a kowace rana, ya dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe shi, saboda rashin tumatir.

Annobar ta sake kunno kai a 2023 da 2024, inda ministan aikin gona Abubakar Kyari ya danganta tsadar tumatir ta 2024 da ita.

Rigakafi a wurin raino

Abin da ya sa ƙwaron ke da wuyar sha'ani shi ne tsutsarsa na shigewa cikin ganye ne tana ci daga ciki, inda maganin feshi bai cika kai wa gare ta ba.

Mace ɗaya kan saka ƙwai fiye da 200, kuma a yanayin zafi, cikin kimanin wata guda ƙwai ya zama ƙwaro mai saka nasa. Yawan fesa magani iri ɗaya kuma na sa ya daina jin maganin.

Saboda haka ne masana ke fifita matakan da ake ɗauka tun a kaka: a tuge ragowar tumatirin damina a ƙone, a kifar da ƙasa domin rana ta kashe tsutsar da ta ɓuya a ciki, a rufe wurin raino da raga mai ƙananan idanu, sannan a guji dasa iri mai tabo a ganye.

Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, ta kuma samar da tarko mai sauƙi na faranti da ruwa da fitila, wanda ke jawo ƙwaron da dare.

Tsaka mai wuya

Sai dai kuma makarar da wasu manoma ke yi ba sakaci ba ne.

Idan kowa ya dasa da wuri, tumatir kan cika kasuwa lokaci guda a watannin Janairu da Fabrairu, farashi ya faɗi warwas, har wasu su koma yanka shi suna shanyawa a bakin hanya.

Don haka wasu ke jinkirtawa da gangan domin su riski tsada, sai su faɗa lokacin da sharon ke da ƙarfi.

Ga kuma kuɗin ban ruwa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, abin da ya ƙara wa masu injin ban ruwa nauyi. Waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga kuma sai sun jira an sake shi a magudanai.

Haka nan tsaftar gona ɗaya ba ta wadatarwa, domin ƙwaron na tashi ne daga gonar maƙwabci.

Wannan ya sa nauyin ya rataya a wuyan ƙungiyoyin manoma da malaman gona da gwamnatocin jihohi, su tsara lokacin share gonaki da na dashe tare, su kuma kai raga da tarko da ingantaccen iri tun a watan Oktoba.

Matuƙar babu wanda zai sayi rarar tumatirin Fabrairu da daraja, da wuya a shawo kan manomi ya daina jinkirta dashe.