Mutum Biyu A Ɗaki: To Ina Mai Iyali Zai Sauka?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Yawuri, ta ratsa Koko da Maiyama ta faɗa Jega, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi da Argungu, ɗayar kuma ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ya san cewa garuruwan nan ba su rabuwa da baƙo rani da damina. Wani kasuwar Jega ce ta kawo shi, wani albasar Aliero, wani ya rako ɗansa jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006, wani kuwa karaya ce ta sa aka ɗauko shi ranga-ranga zuwa wurin masu ɗorin garin, waɗanda sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne wata 'yar ƙa'ida da ta zama ruwan dare a otal-otal da gidajen saukar baƙi na wannan zamani, wadda ba ta cika damun mai tafiya shi kaɗai ba, amma take tsaya wa mai iyali a maƙogwaro, wato ƙa'idar nan ta cewa mutum biyu ne kawai za su kwana a ɗaki ɗaya.

A ƙaddara maigida ya taso daga ƙasar Yawuri da matansa biyu da mahaifiyarsa da 'ya'ya shida, yana nufin ya kai su kallon bikin kamun kifi na Argungu, ko kuwa su dubo ɗan'uwa da ke kwance a gidan ɗori, sai magariba ta riske su a Jega. Ya shiga masauki ya yi sallama, yaron da ke bakin kanta ya leƙa mota ya ƙirga kawuna, sa'an nan ya ce masa cikin ladabi, "Alhaji, ka yi haƙuri, doka ce, mutum biyu ne a ɗaki." Mutum goma ke nan, ɗaki biyar, kuɗin kwana ɗaya ya ninka har sau biyar, alhali uku daga cikin goman nan ba su wuce a goya su ba. Daga nan sai dai ya biya abin da zai cinye guzurin tafiyar gaba ɗaya, ko ya kwantar da iyalinsa a tasha cikin sauro da hayaƙin manyan motoci, ko kuwa ya ɗauki darasi, baɗi ya bar mata da yara a gida ya tafi shi kaɗai. Na ƙarshen nan ne aka fi zaɓa, kuma shi ne ya fi ba mu tsoro, domin ba ya yin ƙara, babu mai kai kukansa ga hukuma.

Kada a ɗauka muna kiran a buɗe ƙofa kowa ya cusa mutum ashirin a ɗakin da taga ɗaya gare shi. Sanya haddi wajibi ne, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin dalili. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa idan bazara ta kama, iska ta bushe, mutane suka cunkushe a ɗaki marar iska. Annobar 1996 ta ɗauke dubban rayuka a arewacin Nijeriya, a watan Maris na 2025 kuwa hukumar lafiya ta Jihar Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero da Argungu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ga kuma sha'anin gobara, wanda alhazanmu na da ba za su manta ba: wutar da ta tashi a tantunan Mina a hajjin 1997 ta hallaka fiye da mutum 300, abin da ya sa mahukuntan Saudiyya suka kafa tantuna marasa cin wuta, suka tsara zangon da hanyoyi da wuraren ruwa. Malamai sun ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin ta kiyaye. Saboda haka babu jayayya tsakaninmu da mai masauki a kan asalin haddi.

Jayayyarmu tana kan wannan lamba ta biyu, daga ina ta fito, da wane ma'auni aka auna ta? Haƙiƙa ba a auna faɗin ɗaki ba, ba a ƙirga tagogi ba, ba a duba yawan ruwan da ke tanki ko adadin bayan gida ba. Abin da aka ƙirga shi ne filo biyu da ke kan gado, domin tsarin otal ya zo mana ne daga Turai, inda aka gina ɗaki don miji da mata ko don ɗan kasuwa mai jaka ɗaya, sai muka ɗauko ginin tare da dokarsa ba tare da mun tambayi wa zai kwana a ciki ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa macen arewa maso yamma tana haihuwar 'ya'ya shida zuwa bakwai a tsawon rayuwarta, ban da kishiya da nata 'ya'yan, ban da tsohuwa, ban da ɗan riƙo. Rigar da aka ɗinka wa mai 'ya'ya biyu ita ake so mai goma ya sa, in ta yage a ce laifinsa ne.

Abin mamaki ma shi ne, Bahaushe mai iyali ba cunkoso yake nema ba. Addininsa ya riga kowace dokar otal hana shi: Suratun Nur ta umarci yara da su nemi izini kafin su shiga wa iyaye a lokuta uku, kafin asuba da lokacin ƙailula da bayan isha'i, hadisi kuma ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Abin da yake buƙata shi ne abin da ya bari a gida, wato sashe mai ƙofa ɗaya, ɗakin mata da ƙananan yara a ciki, ɗakin samari ko rumfa a bakin ƙofa, ɗan tsakar gida inda za a shimfiɗa tabarma a sha iska, da murhu inda uwargida za ta dama wa jariri kunu. Irin wannan sashe, in an gina shi da tagogi masu fuskantar juna, ya fi ɗakin otal mai rufaffen gilashi lafiya nesa ba kusa ba, musamman a daren da wuta ta ɗauke, injin ma aka kashe shi don tsimin mai.

Kuma fa Jega ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Garin da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa a farkon ƙarni na goma sha tara bai zama babbar kasuwa ba sai don ya iya karɓar baƙo. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan da ɗaruruwan mutane da jakuna, da mata masu dafa abinci, da yara masu kora dabbobi, madugu yana shugabantar su. Fatoma kuwa, wato mai masauki, shi ne ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan rigima ta taso, ladarsa tana fita daga la'adar ciniki. Fatoma yana da haddi, domin ya san iyakar abin da gidansa zai ɗauka, in ya cika sai ya miƙa sauran ga maƙwabcinsa. Sai dai da ido yake aunawa, yana duban gida yana duban ayari, bai taɓa raba uwa da ɗanta don lissafi ya daidaita ba. Har yau ma masu ɗorin Aliero sun fahimci abin da otal ya kasa fahimta, cewa mai karaya ba ya zuwa shi kaɗai, dole sai da mai jinya da zai ɗaga shi ya kwantar da shi ya dafa masa, kuma zaman na makonni ne. Mun gaji wannan hikima, sa'an nan muka ajiye ta muka ɗauki allon da aka rubuta a wata ƙasa.

Wanda ya ce ƙa'idar tana rage cunkoso, sai ya zaga tasha da barandar masallaci da rumfunan kasuwa da tsakar dare a lokacin kakar albasa ko makon biki. Mutanen da aka mayar daga ƙofar masauki ba su ɓace ba, sun koma ne inda babu bayan gida, babu ruwa, babu mai gadi, inda cutar da ake gudu ta fi samun wurin zama. Bikin Argungu kuwa, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016, ana son ɗan Maiyama da 'yar Aliero su gan shi da idonsu tun suna ƙanana. In kuwa kwana ɗaya a hanya ya fi ƙarfin ubansu, to bikin zai zama na maza magidanta da manyan baƙi, yaran ƙasa su riƙa kallon kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, a waya.

Mai masauki yana da hakki, ba mu musa ba. Gidansa ne, shi ke sayen man inji, shi ke biyan mai wanki da mai ɗebo ruwa, kuma a wannan zamani na rashin tsaro yana da hujjar son sanin wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinsa. Amma haya ciniki ce, fiƙihun Malikiyya da muke bi kuwa ya sharɗanta a san abin da ake biya da abin da ake samu tun kafin a ƙulla, don kauce wa garari. Sharaɗin da ba a faɗa ba sai bayan an sauke kaya yara sun yi barci a kafaɗa, ya yi kama da cin gajiyar wanda ya matsu. Maganin tsaro shi ne a rubuta sunan kowane baligi da lambar wayarsa. Maganin tsadar ruwa da mai shi ne a ɗora ɗan ƙari sananne a kan kowace katifa da aka ƙara. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya wajabta a ƙirga jariri a matsayin mai biyan kuɗin gado.

Saboda haka muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su farfaɗo da aikin duba-gari a wannan fanni: a shiga kowane masauki da ma'auni, a duba faɗin ɗaki da iskarsa da ruwansa da hanyar fita in wuta ta tashi, a rubuta a jikin ƙofa adadin manya da na yara da ɗakin zai ɗauka, ya zama ɗaki babba ya sami lamba babba, ƙarami ya sami ƙarama, kuma a hukunta wanda ya ƙetare ta. Duk mai neman izinin gina sabon masauki a sharɗanta masa ware sashe ɗaya ko biyu na iyali. Attajiranmu kuma, waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar albasa da shinkafa da sufuri, muna tuna musu cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin rukuni takwas da Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka, kuma wakafi bai taƙaita ga masallaci ba; fili mai katanga a mararrabar Jega, da rumfuna da rijiyar burtsatse da bayan gida na maza da na mata, zai ɗauki iyalai masu yawa da kuɗin da bai kai na bene ɗaya ba. Aikin awon ɗakuna kuwa ya kamata a gama shi tun cikin hunturu, kafin watan Fabrairu ya shigo da zafi da baƙin biki a lokaci guda.