Shin Ramin Wayar Jita Yana da Hannu a Zaƙin Amonta?

Kowace sana'a da irin gardamar da ma'abotanta kan yi in sun zauna hira. Manoma kan yi musu a kan iri, mahaya a kan linzami, haka su ma makaɗan jita mai aiki da lantarki suna da nasu musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga cikin abubuwan da suke ja-in-ja a kansu har da wani ɗan ƙarfe wanda bai wuce girman babban yatsa ba, wato ramin nan na jikin jita inda ake cusa kan wayar da ke kai sauti ga amfilifaya. Masu sana'ar suna ce masa jak. Wasu sun haƙiƙance cewa in an cire jak mai araha aka sa mai tsada, musamman wanda aka shafa wa ruwan zinariya, sai amon jita ya ƙara zaƙi da haske. Wasu kuwa sun ce wannan zance tatsuniya ce. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a ɗora maganganun nan biyu a kan ma'auni a ga wadda ta rinjaya, domin kuwa kuɗin mai koyo da hankalinsa suna cikin lamarin.

Kafin mu yi nisa ya kamata mai karatu ya san abin da muke nufi da amo. Ba ƙarfin sauti ake nufi ba, ba kuma kaurinsa ko sirantakarsa ba. Idan mai garaya da mai gurmi suka kaɗa karin sauti ɗaya da ƙarfi ɗaya, ko daga bayan danga mutum ya ji ya san wannan garaya ce wancan kuwa gurmi. To, abin nan da ya raba su shi ne amo. Masana sun nuna cewa kowace tsirkiya in ta kaɗa ba sauti ɗaya take fitarwa ba, akwai uwar sauti, akwai kuma 'ya'yanta sirara da ke tafe tare da ita. Yawan 'ya'yan nan da ƙarfin kowannensu su ke ba kayan kiɗa muryarsa. Saboda haka duk abin da za a ce ya canja amo, dole a nuna cewa ya danne wasu 'ya'yan sautin ya ɗaga wasu.

Hanyar da Sauti ke Bi

Jita mai lantarki ta fara shiga kasuwa a Amurka a 1932, daga aikin George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker. Daga baya Fender ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952. Dukkansu dabara ɗaya suke bi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi kusan dubu bakwai ko takwas. Wannan shi ne kunnen jita. In tsirkiya ta kaɗa a saman maganaɗisun sai wata 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Wutar nan sai ta bi ta maɓallan ƙara murya da na daidaita amo, ta iso jak, ta shiga doguwar waya, ta faɗa amfilifaya, daga nan lasifika ta mai da ita sautin da kunne ke ji.

Shi kuwa jak ɗin ba don jita aka ƙirƙiro shi ba. Aro aka yi daga ofisoshin wayar tarho na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata ke zare waya daga wannan rami su cusa a wancan don haɗa masu magana. Kaurin fulogin da ke shiga cikinsa rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, kuma har yau haka yake. Cikinsa ba wani siddabaru: zobe ne na ƙarfe da ke rungumar jikin fulogi, sai wani lanƙwasasshen harshe mai tauri da ke danne kan fulogin. Iyakar aikinsa shi ne ƙarfe ya taɓa ƙarfe wuta ta wuce.

Abin da Lissafi ya Ce

Ta hanya biyu ne kawai ɗan ƙarfe irin wannan zai iya taɓa amo. Ta farko ita ce turjiya, wato ya hana wuta wucewa yadda ya kamata. Ana auna turjiya da om. Jak mai tsabta turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba. To, mai karatu ya kwatanta wannan da abokan tafiyarsa: naɗin kunnen Stratocaster yana da kimanin om 6,000, maɓallinta na murya om 250,000, na Les Paul om 500,000, bakin amfilifaya kuwa galibi om 1,000,000. Ke nan rabon jak bai kai ɗaya cikin miliyan ba na abin da ke jiran wutar a gaba. Wanda ya ce ya ji wannan bambanci kamar wanda ya ce ya ɗebe ƙwayar gero ɗaya daga buhu ya ji buhun ya yi sauƙi ne.

A nan ne maganar zinariya ke rushewa. Mutane da yawa suna zaton zinariya ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar wuta, alhali kuwa azurfa ce ta ɗaya, jan ƙarfe na biyu, sannan zinariya. Falalarta ita ce ba ta tsatsa ba ta dusashewa. Wannan falala ce ta gaske, amma ta dorewa ce, ba ta amo ba. Daɗin daɗawa, shafen zinariyar siriri ne ƙwarai, kuma yawan cusawa da zarewa yakan goge shi a daidai inda ake bukatarsa.

Hanya ta biyu ita ce taskance wuta. Duk inda ƙarafa biyu suka kusanci juna ba su haɗu ba, sukan riƙe wani abu na wutar, kuma sirantattun 'ya'yan sauti su suka fi zurarewa ta nan. Ana auna wannan da fikofarad. Wayar jita ta yau da kullum tana da kimanin fikofarad 100 a kowace mita, jak kuwa 'yan ƙalilan ne, a ce biyar. Wato jak ɗin gaba ɗaya daidai yake da ƙarin santimita biyar a tsawon waya.

Bari mu ba da misali don abin ya fito fili. Kunnen jita da wayarta in sun haɗu suna da wani wuri da suke ɗaga sauti fiye da ko'ina, kuma wannan wurin shi ke ba jita haskenta. A ɗauki kunne irin na Stratocaster a haɗa shi da waya mai mita uku, wurin nan zai faɗo kusa da kaɗawa 5,000 a daƙiƙa. A sauya wayar da mai mita shida, sai ya sauko kusa da 3,800. Wannan tazara ce babba wadda ko ba makaɗi ba zai ji amon ya yi duhu. Amma in aka ƙara fikofarad biyar na jak a kan wannan, saukar ba za ta wuce kaɗawa goma sha 'yan kai ba cikin 3,800. Ashe ke nan masu ɗora wa jak alhakin amo sun bar jaki suna dukan taiki. Duk wanda ya dubi hotunan Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970, zai ga sau da yawa da murɗaɗɗiyar waya yake kiɗa, irin wadda in an miƙe ta tsawonta ya ninka, kuma irinta kan rage kaifin amon Stratocaster.

Gaskiyar Ɗaya Ɓangaren

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza. Makaɗan da ke cewa sun sauya jak sun ji bambanci ba ƙarya dukkansu ke yi ba, sai dai fassarar da suka ba abin ce ta kauce. Ba wanda ke tashi haka kawai ya cire jak mai lafiya. Galibi sai ya fara ba da wahala. Harshen nan mai danne fulogi yakan saki saboda tsufa, gumi da danshi su sa shi dusashewa, ƙura ta shige tsakani, ko notin da ke riƙe shi ya kwance har jak ɗin ya riƙa juyawa yana tsinka wayoyin da aka liƙa masa da dalma. In haka ta faru turjiyar da ba ta kai om ɗaya ba tana iya haurawa dubbai, tana hawa tana sauka. Sai ka ji ƙaraf-ƙaraf, ko sauti ya ɗauke ya dawo, ko ya shaƙe, ko kuma gurnanin wutar gida ya cika lasifika. Wanda ya sauya irin wannan jak ya ji jitarsa ta washe, ba sabon amo ya saya ba, nasa na dā ne ya dawo.

Akwai kuma jitocin da kunnuwansu ke aiki da batir mai bolt tara, kamar na kamfanin EMG. Jak ɗinsu yana da ƙafa ta uku wadda ke kunna batir da zarar an cusa waya. Wanda ya bar waya a ciki dare da rana batirinsa zai mutu, amo ya dagule. Nan ma laifin ba na irin ƙarfen jak ba ne.

Saboda haka ban ce duk jak ɗaya ne ba. Na kamfani irin Switchcraft, wanda aka kafa a Chicago a 1946, ya yi suna ne saboda kaurin ƙarfensa da ƙarfin riƙonsa, yana shekaru bai saki ba, alhali wani mai araha kan saki da wuri. Makaɗin da ke yawon biki a ƙasa mai ƙurar hunturu da zafin bazara yana da hujja babba ta sayen mai ƙwari, don kada kayansa su kunyata shi a tsakiyar taro. Amma ya san abin da ya saya: aminci ya saya, ba zaƙi ba.

Sauran bambancin da ake ji kuwa daga zuciya yake. Wanda ya kashe kuɗinsa ya ɓata yininsa yana gyara, ransa na son ya ji canji, kuma kunne bawan rai ne. Ga shi kuma kunne ba ya riƙe ainihin amo na dogon lokaci, balle a ce ya kwatanta na safe da na yamma. Sau da yawa ma a zaman gyaran nan ake sa sababbin tsirkiyoyi, su kuwa kowa ya san suna haskaka amo. Mai son gaskiya ga gwaji mai sauƙi: a liƙa jak biyu masu lafiya a jita ɗaya, mai tsada da mai araha, a ɗaure wa mai sauraro ido, wani ya riƙa sauya wayar ba tare da ya faɗa ba, a yi haka sau ashirin. In ya ci goma ya faɗi goma, to canki-canki yake yi.

Kammalawa

Abin da ya sa na ga maganar nan ta cancanci tawada shi ne halin da take koya wa mai koyo, wato neman gwaninta a kanti maimakon a yatsa. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda kiɗansa ya zagaya Turai da Amurka, da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasa shekaru da dama. Ba wanda ya taɓa tambayar irin ƙarfen da ke jikin kayansu.

A nawa ra'ayin, jak mai lafiya ba shi da murya, marar lafiya ne kaɗai ke magana. Shawarata ga mai jita ita ce ya ɗaure notinsa, ya riƙa goge fulogi da ramin, in harshen ya saki ya kai wa mai gyaran rediyo ya matse shi ko ya sauya. In kuwa amo yake son canjawa, to ya fara da tsayin wayarsa, da tsirkiyoyinsa, da nisan kunnen jita daga tsirkiya, da maɓallan amfilifaya. In duk ya gama da waɗannan, sauran kuɗin ya kai wa malamin da zai gyara masa hannu.