Ƙa'idojin intanet: Lokaci ya yi da za a ji ta bakin injiniyoyin Gure

Duk ɗan Gure da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Abijan ya san yadda kiran WhatsApp zuwa gida ke tsinkewa ana tsakiyar gaisuwa. Akan ce rezo ne ba kyau, a bar maganar nan. Sai dai yadda saƙo ke tafiya a kan layi mai rauni, akwai ƙa'idojin da ke tsara shi, kuma ba a Nijar ake rubuta su ba.

Ƙungiyar IETF, wadda aka kafa a 1986, ita ke fitar da mafi yawan waɗannan ƙa'idoji. Ba ta da katin zama mamba, kuma abin da aka gwada a aikace ya fi dogon bayani nauyi a wurinta. Ke nan wanda ya kai rahoton abin da ya gani da idonsa, shi ake tsara ƙa'ida daidai da halinsa.

Misali, tsohon tsarin TCP yakan ɗauki ɓacewar saƙo a matsayin alamar cunkoso, sai ya rage gudu. A layin da raunin sigina ke ɓatar da saƙo, rage gudun ƙarin wahala ne. Ma'aikacin da ke kula da eriya a hanyar Damagaram zuwa Diffa, cikin ƙura da zafi da ɗaukewar wuta, ya fi kowa sanin wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in bai rubuta ba, wa zai sani?

Abin ba gagarau ba ne. Matasan Morishus sun taka rawa wajen sanya tsarin tsaro na TLS 1.3 cikin manhajoji a tarukan gwaji na IETF. Ga kuma AfNOG, inda masu gudanar da layuka a Afirka ke musayar ƙwarewa tun 2000.

Don haka ya kamata hukumar ARCEP ta sa Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom su riƙa fitar da bayanan katsewar layi, ba tare da taɓa sirrin jama'a ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta tura ɗalibai su auna ƙarfin layi a ƙauyukan Gure, su rubuta sakamakon. 'Yan ƙasa masu aikin kwamfuta a waje kuma su taimaka da mayar da rahotannin Ingilishi, su gabatar. Muddin aka yi shiru, za a ci gaba da yi wa Gure ɗinki ba tare da an auna ta ba.