Kafin A Rushe Bango, A San Inda Za A Kai Ɓaraguzai

Duk wanda ya zaga lungunan birnin Kano da rani ya san abin da za mu faɗa. Mutum ya tashi gyaran gida, ya yi lissafin siminti da bulo da kwano, ya shirya da birkila da kafinta, amma ko kwabo bai ware ba don kwashe abin da za a rushe. Ran da aka gama aiki sai a tara ɓaraguzai a bakin ƙofa, a ce sai gobe. Goben nan kuwa ba ta zuwa har ruwan fari ya sauka, ya ja tarkacen cikin kwata, ta toshe, ruwa ya faɗa gidan maƙwabci, wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

Da can abin da sauƙi, don ginin ƙasa ne. In bango ya faɗi a jiƙa ƙasar, a sake kwaɓawa a yi tubali. Toka da sharar gida kuwa, masu jakai su ɗauka a mangala su kai gona ta zama taki. Yanzu fa? Fasasshen bulo da leda da gwangwanin fenti, babu gonar da za ta karɓe su.

To, a dubi yadda mutanen Ingila ke yi. Can, tun ba a ɗaga guduma ba, maigida kan yi hayar wani babban akwatin ƙarfe marar murfi. Mota ta kawo ta sauke masa, in ya cika ta komo ta ɗauke. Da yadi ake auna cikinsa, akwai mai 4, da mai 6, da mai 8, kowa da gwargwadon aikinsa. Dokar hanyoyi ta 1980 ta hana ajiye shi bisa titi sai da iznin hukuma, kuma tilas a rubuta sunan mai shi a jiki, a sa masa fitila da dare don kada mai mota ya afka masa. Ba kuma kome ake zubawa ciki ba. Taya da batir da tukunyar gas da silin asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kowanne da tasa hanya. Abin da ya fi ƙayatad da mu shi ne, tun 2005 doka ta ɗora wa maigida alhakin bincika ko wanda ya ba shara yana da izni. In ya ba mai araha, wannan ya juye ta a gefen hanya, aka gane, shi ma maigidan ana iya cin sa tara.

Ba mu ce a kwaso tsarin Turawa duka ba. Lungun da kura ke shiga da ƙyar, ina motar akwati za ta bi? Amma tifa da kura da amalanke ai muna da su. Sharar ƙarshen wata kuma ba za ta fisshe mu ba, gama tsintsiya ba ta ɗaga bulo.

A ganinmu, kuɗin kwasa ya kamata ya shiga cikin jinga tun ran farko, kada kuwa a ba mai tifa cikon kuɗinsa sai an san inda ya juye. Hukumar kwashe shara ita kuma ta keɓe wa ɓaraguzai fili dabam da juji, don masu neman cikon ɗaki su riƙa zuwa suna ɗiba, ta kuma sanad da masu unguwanni inda filin yake kafin damina.