Lamiri Ba Ya Fita Ta Bayan Gida

'Yan'uwa cikin Almasihu, maganar Bowe Bergdahl, sojan Amurka, ta raba kan masu bi gida biyu, mu kuwa ba mu yarda da ko ɗaya ba.

Ga abin da ya faru. Ranar 30 ga Yuni 2009 ya bar sansaninsa a lardin Paktika na Afghanistan ba da izini ba. 'Yan Taliban suka kama shi, ya yi kusan shekara biyar a hannunsu cikin azaba. A watan Mayu 2014 aka karɓo shi, aka ba da fursunoni biyar daga Guantanamo a madadinsa. A 2017 ya amsa laifin gudu daga bakin aiki, aka kore shi daga soja ba tare da ɗauri ba. A 2023 wani alƙali ya soke hukuncin, domin alƙalin farko ya ɓoye cewa yana neman aiki a gwamnati.

Wasu cikinmu suna kiransa jarumin lamiri, wai ya ga muguntar yaƙi ya ƙi. Mun ji. Manzo Bitrus ya koya mana cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutum. Amma a ina Bitrus ya faɗi haka? A gaban majalisa, ido da ido, bulalar kuma a bayansa ta sauka. Desmond Doss ya ƙi riƙe bindiga saboda bangaskiyarsa, ya faɗa a fili, ya sha ba'a, amma a Okinawa a 1945 ya ceto mutum wajen 75 daga bakin mutuwa. Bergdahl fa? Ya ce ya fita ne domin ya kai ƙarar shugabanninsa. Ko da haka ne, cikin duhu ya sulale. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan har da waɗansu ya doka. Mark Allen, ɗaya daga cikin masu nemansa, harsashi ya same shi a ka, bai ƙara magana ba har ya rasu a 2019. Lamirin da yake aika wa maƙwabci takardar bashi, a sake bincikarsa.

Waɗansu kuma suna cewa da an bar shi ya ruɓe a can. Wannan magana daga bakin mai karanta Luka sura 15? Makiyayin nan bai tsaya tambayar ko tunkiyar da ganganci ta bar garke ba kafin ya bi sawunta. Masu neman a kashe shi tun kafin shari'a ba adalci suke so ba, fansa suke nema. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A dawo da shi, a gurfanar da shi, ya amsa: hanyar ke nan.

Dattawa, 'ya'yanmu ma suna sanye da kaki. Wata rana ɗayansu zai zo da zuciya mai nauyi, an umarce shi da abin da yake ganin zunubi ne. Kada mu ce masa ya rufe ido ya bi. Kada kuma mu ce ya gudu. Mu koya masa ya ce a'a da rana tsaka, a gaban shugabansa, ya ɗauki hukuncin da kansa, ikkilisiya kuma ta tsaya a bayansa.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.